RABARAN SCHÖN: WANDA YA YI WA HAUSA NAHAWU DA ƘAMUS BAI TAƁA TAKA ƘASAR HAUSA BA

'Yan'uwa masu karatu, in muka shiga kantin sayar da littattafai na Ekklisiya, ko muka buɗe akwatin malamin makarantar Lahadi, za mu tarar da littattafai iri-iri, amma a bakin yawancinmu sunansu ɗaya ne, wato littafi. A kan aiki yaro ya sayo ƙamus, ya komo da nahawu. A kan miƙa wa dattijuwa a ajin yaƙi da jahilci littafin labarai tun ba ta gama sanin baƙaƙe da wasula ba, ta duba ta ga ya fi ƙarfinta, ta karaya, ta daina zuwa aji. Ga shi kuwa kowane manomi ya san gatari daban, garma daban, lauje daban, ko da yake duka kayan gona ne. Haka littattafan koyarwa suke. Jerin kalmomi, da littafin koyon karatu, da nahawu, da ƙamus, da littafin karatu, da jagora, sunayensu sun yi kusa da juna, amma kowanne da aikinsa da lokacinsa.

A wannan makon za mu duba rayuwar wani bawan Allah wanda ya rubuta kowane ɗaya daga cikin waɗannan littattafai a kan harshen Hausa, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekara arba'in da 'yan kai. Sunansa Rabaran James Frederick Schön, ana kiran sunan kamar Shon. In muka bi sawunsa za mu gane bambancin littattafan, za mu kuma ga irin wahalar da aka sha kafin Littafi Mai Tsarki na Hausa ya iso hannunmu.

Haihuwarsa da horonsa

An haifi Schön a shekarar 1803 a yankin Baden, kudu maso yammacin ƙasar Jamus. Da ya girma ya shiga makarantar horar da 'yan mishan da ke birnin Basel a ƙasar Suwizalan. A wancan zamani ƙungiyar mishan ta Ekklisiyar Anglikan, wadda muka fi sani da C.M.S., ba ta samun isassun Ingilishi masu yarda su je Afirka ta Yamma, domin zazzaɓi yana kashe Turawa ƙwarai a bakin tekun nan. Saboda haka ta riƙa ɗaukar samarin Jamus daga Basel, ta ƙara musu horo a kwalejinta da ke Landan, a naɗa su aikin firist, sa'an nan ta aike su. Schön yana cikin waɗannan. A shekarar 1832 ya sauka a ƙasar Saliyo.

Saliyo ta wancan lokaci wuri ne mai ban mamaki. Tun daga 1807, da Ingila ta haramta fataucin bayi a teku, jiragen yaƙinta suka shiga tare jiragen masu safarar bayi, suna sauke mutanen da suka kuɓutar a Firitawun, babban birnin ƙasar. Ta haka aka tara Yarabawa da Ibo da Nufawa da Barebari da Fulani da Hausawa da wasu kabilu masu yawa a gari ɗaya da ƙauyukan kewaye. Wanda yake son koyon harsunan Afirka ba sai ya yi nisa ba, sai dai ya fita ƙofar gidansa. A nan Schön ya fara jin Hausa, daga bakin mutanen da aka raba su da gida da dangi, aka ratsa da su daji har bakin teku. Kada mu manta da wannan. Malamansa na fari 'yantattun bayi ne.

Tafiyar Kogin Kwara ta 1841

A shekarar 1841 gwamnatin Ingila ta shirya wata babbar tafiya zuwa Kogin Kwara, bisa shawarar Thomas Fowell Buxton, wanda ya gaskata cewa Bishara da noma da halattaccen ciniki su ne za su kashe cinikin bayi daga tushensa. Jiragen ruwa uku masu aiki da tururi aka aika. C.M.S. ta zaɓi mutum biyu daga Saliyo su bi tafiyar, wato Schön da wani malamin makaranta Bayarabe, shi ma 'yantaccen bawa, mai suna Samuel Ajayi Crowther. Kafin su tashi Schön ya duƙufa a kan harsuna biyu da aka ce za su yi amfani a hanya, Ibo da Hausa.

Suka shiga bakin kogin a watan Agusta. A garin Aboh na ƙasar Ibo, Schön ya gwada yi wa sarki jawabi da Ibon da ya koya, sai ya ga mutane ba su gane shi sosai ba. Wanda ya fid da su kunya shi ne tafintansu, Simon Jonas, ɗan asalin ƙasar Ibo da aka 'yanta a Saliyo. Shi sarki ya saurara, har ya roƙa a bar masa shi ya koya wa mutanensa. Wannan abu ya taɓa Schön ƙwarai, har ya jingine nazarin Ibo shekaru masu yawa. Amma ya koyi darasin da ya riƙe har mutuwarsa, wato haddace kalmomi ba shi ne iya harshe ba.

Suka wuce Idah, suka kai mahaɗar Kwara da Binuwai inda Lakwaja take yanzu. Daga nan zazzaɓi ya auka musu. Jirage biyu suka juya da marasa lafiya, ɗaya kaɗai ya ci gaba har garin Egga a ƙasar Nufe, shi ma dole ya komo. Turawa fiye da 40 suka mutu a tafiyar. Egga ita ce iyakar inda ƙafar Schön ta taɓa kaiwa. Bai ga Kano ba, bai ga Katsina ko Zazzau ko Sakkwato ba, har ya bar duniya.

Mutane da yawa a Ingila suka ce tafiyar hasara ce. Amma Schön ya komo da abu biyu. Na fari, ya lura cewa duk inda suka tsaya a kogin, a kan sami masu jin Hausa, fatake ko bayi ko malamai, saboda haka ya tabbata wannan harshe shi ne mabuɗin tsakiyar ƙasar. Na biyu, ya shaida wa shugabanninsa cewa tun da Turawa ba sa jure zazzaɓin, 'yan Afirka ne ya kamata a horar su kai Bishara ga 'yan'uwansu, ya kuma yabi Crowther ƙwarai. Aka buga labarin tafiyar da su biyu suka rubuta a 1842. A shekarar 1843 aka naɗa Crowther aikin firist, a 1864 kuma ya zama Bishop na fari baƙar fata a Ekklisiyar Anglikan.

Littafi na fari: jerin kalmomi

A shekarar 1843 Schön ya fitar da littafinsa na fari a kan Hausa. Jerin kalmomi ne, Turanci da Hausa, tare da ɗan bayanin ƙa'idojin harshe a gabansa. A nan ya kamata mu tsaya mu bambanta. Jerin kalmomi ɗan'uwan ƙamus ne, amma ƙanensa ne. Aikinsa shi ne ya ce maka ga kalma, ga takwararta a wani harshe, shi ke nan. Zai gaya maka ma'anar kalmar ci guda ɗaya, wato cin abinci. Ba zai gaya maka ana cin kasuwa, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin sarauta, ana cin jarrabawa ba. Yana da amfani ga baƙon da yake son ya nemi ruwa ko ya tambayi hanya, amma ba za a iya fassara Wasiƙa zuwa ga Romawa da shi ba.

Kada kuwa wani ya ɗauka Schön ne ya fara rubuta Hausa. Tun kafin zuwansa malaman ƙasar Hausa suna rubuta harshensu da ajami, wato baƙaƙen Larabci, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u da almajiransu sun bar waƙoƙi da Hausa. Waɗansu matafiya Turawa ma sun riga shi tattara 'yan kalmomi. Abin da shi ya fara shi ne zama a yi wa harshen nazari a tsare da baƙaƙen boko, a buga shi littafi guda.

Asibitin Catam da zuwan Dorugu

Bayan shekara goma sha biyar a Saliyo, rashin lafiya ya tilasta masa komawa Turai a 1847. Ya sami aikin limamin asibitin sojojin ruwa a garin Catam, kudu maso gabashin Landan, ya yi fiye da shekara talatin yana ziyarar marasa lafiya, yana yi musu addu'a, yana binne matattu. Da wani ne, da sai ya ce aikinsa na Afirka ya ƙare. Shi kuwa ya riƙe takardunsa na Hausa, yana dubawa in ya sami sarari. Damuwarsa ɗaya ce, ba shi da Bahaushen da zai tambaya.

Sai ga shi a shekarar 1855 Bajamushen nan matafiyi, Dokta Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya komo Turai bayan ya yi shekara biyar yana yawo a Barno da ƙasar Hausa har Tambutu. Ya zo da samari biyu, Abbega ɗan kabilar Margi, da Dorugu, Bahaushe daga yankin Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu. An kama Dorugu bauta tun yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Kukawa, inda abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852 sai yaran suka bi Barth.

Barth ya shirya mai da su gida, amma Schön ya nemi su zauna wurinsa, suka kuwa zauna. Ba za mu ɓoye ba, wannan al'amari ya jawo saɓani mai zafi tsakanin mutanen biyu, Barth yana ganin an shiga hakkinsa da alkawarin da ya ɗauka wa yaran. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya har ya yi sarauta a Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna a gidan Schön har 1864. An yi masa baftisma, ya koyi karatu da rubutu. Shekara takwas dattijon Bajamushe da saurayin Bahaushe suna zaune a teburi ɗaya, wannan yana faɗa, wancan yana rubutawa. Kusan duk abin da Schön ya wallafa daga baya, daga wannan zama ya fito.

Littafi na biyu: na koyon karatu

A shekarar 1857, wadda a cikinta Crowther ya kafa aikin mishan na Kogin Kwara, Schön ya fitar da ɗan ƙaramin littafin koyon karatu da Hausa, ya kuma fitar da Bishara ta hannun Matiyu. A shekarun da suka biyo ya ƙara da Luka, da littafin Farawa, da Fitowa.

Me ya sa ya haɗa fassara da littafin koyon karatu? Domin ya san Bishara a takarda ba ta da amfani ga wanda bai san baƙi ba. Littafin koyon karatu shi ne matakin farko na tsani. Ba a yi shi domin ya ba da ilimi mai zurfi ba. Aikinsa ya ɗauki wanda bai taɓa riƙe takarda ba, ya nuna masa baƙaƙe da wasula, ya koya masa haɗa ba, be, bi, bo, bu, daga nan gajerun kalmomi, daga nan gajerun jimloli. Waɗanda suka yi firamare ko ajin manya a Arewa za su tuna da Ka Koyi Karatu, wanda irin wannan aiki ya yi. Shi ne mafi ƙanƙanta cikin littattafan koyarwa, shi aka fi rainawa, amma duk Rabaran da duk Farfesa ta kansa suka bi.

Akwai kuma bambanci a kan wanda aka yi wa littafin. Jerin kalmomi na 1843 domin baƙo aka yi shi, wanda ya iya karatu amma bai iya Hausa ba. Littafin 1857 kuwa domin ɗan gida ne, wanda ya iya Hausa amma bai iya karatu ba. Malamin da bai gane wannan ba zai wahalar da ɗalibansa a banza.

Littafi na uku: nahawu

A shekarar 1862 ya fitar da nahawun Hausa, shekara guda bayan ya koma kan Ibon da ya jingine ya buga ɗan littafin ƙa'idojinsa. Kalmar nahawu daga Larabci muka aro ta, asalin ma'anarta hanya ko fuskar da aka nufa. Nahawu ba ya tara kalmomi, yana nuna yadda ake ɗaura su ne. In kalmomi tubala ne, nahawu shi ne sanin gini. Shi ne zai bayyana dalilin da ya sa muke cewa gidan sarki amma rigar sarki, da yadda ya tafi ya bambanta da yana tafiya da zai tafi da ya kan tafi. Shi zai nuna cewa jam'in gida gidaje ne, na doki dawaki, na mutum mutane, ba ƙa'ida ɗaya ba.

Ɗan gida yana bin waɗannan dokoki tun yana goye ba tare da ya san sunansu ba. Amma mai fassara dole ya san su a fili, gama a Maganar Allah bambancin abin da ya riga ya faru da abin da zai faru ba ƙaramin abu ba ne. Schön ya yi wannan aiki ba tare da wani littafi a gabansa da zai dogara a kai ba. Sai dai ya sa Dorugu ya faɗi magana, ya rubuta, ya jera misalai, ya nemi ƙa'idar da ke ƙarƙashinsu.

Littafi na huɗu: ƙamus

Sai da aka ƙara shekara goma sha huɗu, a 1876, sa'an nan ƙamusunsa ya fito, kashi ɗaya Hausa zuwa Turanci, kashi ɗaya Turanci zuwa Hausa. A lokacin ya haura shekara saba'in. Ita ma kalmar ƙamus daga Larabci take, ma'anarta teku. Wani malami mai suna Firuzabadi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15, ya sa wa babban littafinsa na kalmomin Larabci wannan suna, littafin ya shahara har sunan ya bi kowane littafi irinsa. Sunan kuwa ya dace. Ba a shanye teku, ɗiba ake yi. Ba a karanta ƙamus daga bango zuwa bango, ana zuwa wurinsa ne in bukata ta taso.

A nan ne babban rabon littattafan yake. Akwai littattafan koyarwa, waɗanda ake bi daki-daki daga darasi na ɗaya, da malami a gaba. Akwai kuma littattafan dubawa, waɗanda ake ajiyewa kusa, a buɗe, a ɗauki abin da ake nema, a rufe. Littafin koyon karatu na kashin farko ne, ƙamus na kashi na biyu. Nahawu kuwa ya kan shiga ko'ina, gwargwadon yadda aka tsara shi. Fihirisar da take taimakon mai wa'azi ya gano ayar da kalma take, ita ma littafin dubawa ce. Littafin tambaya da amsa na ajin baftisma kuwa na koyarwa ne.

Littafi na biyar da na shida: na karatu da jagora

A shekarar 1877 ya fitar da littafin karatu na Hausa, ya haɗa masa da wani sashi na jagorar matafiyi. Littafin karatu ba ɗaya yake da littafin koyon karatu ba, ko da yake kalma guda ce ta raba sunayensu. Na koyo yana koya maka haɗa baƙi. Na karatu yana ba wanda ya riga ya iya haɗa baƙi abin da zai karanta, labarai da tatsuniyoyi da karin magana, domin bakinsa ya saki, ya kuma ji daɗin harshen. Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, domin wannan aiki aka rubuta shi. Jagora kuwa ɗan littafin hannu ne mai nuna yadda za a yi wani abu takamaimai, kamar gaisuwa da ciniki da tambayar hanya ga matafiyi. Littafin tsarin sujada da mai bishara yake riƙewa a ƙauye, shi ma jagora ne.

A wannan shekara ta 1877 masana na ƙasar Faransa suka ba shi lambar yabo ta Volney saboda aikinsa a kan Hausa. A 1880 aka buga Sabon Alkawari dukansa cikin fassararsa. A 1884 Jami'ar Okusfod ta ba shi digirin girmamawa na Dokta a ilimin tauhidi. Bai tsaya a Hausa kaɗai ba, cikin tsufansa ya wallafa nahawu da jerin kalmomi na harshen Mende na Saliyo.

Sa'an nan a 1885, yana da shekara tamanin da biyu, ya fitar da littafin da ya sa wa suna Magana Hausa. A ciki akwai tatsuniyoyi da karin magana, akwai kuma tarihin rayuwar Dorugu kamar yadda shi da kansa ya faɗa, tun daga ƙuruciyarsa da kamunsa, da tafiyarsa da Barth, da ƙetare hamada, har abubuwan da ya gani na al'adun Turawa. Wannan labari yana cikin mafi daɗewar zube na Hausa da aka buga da boko, masana kuwa suna nazarinsa har yanzu. Schön ya rasu ran 30 ga Maris, 1889, a kusa da Catam. Dorugu kuwa ya ƙare rayuwarsa a Nasarawa ta Kano, inda ya koyar a makarantar boko ta Ɗan Hausa, ya rasu a 1912.

Kurakuransa, da waɗanda suka ɗora

Gaskiya ɗaya ce, littattafan Schön suna da kurakurai da yawa. Kunnensa na Bature bai raba ka da ƙa ba, ko da da ɗa, ko ba da ɓa, saboda haka a rubutunsa kafa da ƙafa ba su da bambanci, haka bari da ɓari. Bai kuma gane aikin karin sauti ba, wato hawa da saukar murya da ke raba baba mahaifi da baba na rini. Hausar da ya samu kuwa ta mutanen da suka daɗe da barin gida ce, da ta yaron da aka raba da iyayensa tun yana ƙarami. Fassararsa ta Sabon Alkawari ba ta yaɗu cikin Hausawa ba, yau ma in muka karanta ta za ta yi mana nauyi a baki.

Amma wanda ya share saura ba shi ne ya kan ci amfanin gona mafi kyau ba. Charles Robinson, wanda ya je Kano a 1894, da littattafan Schön ya fara, sa'an nan ya fitar da nasa nahawu da ƙamus kafin ƙarshen ƙarnin. Dokta Walter Miller, wanda ya shigo ƙasar Hausa a 1900 ya zauna a Zariya, shi da abokan aikinsa Turawa da 'yan ƙasa suka kammala Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aka buga a 1932. Bayan shekara biyu, a 1934, Rabaran G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa mai kalmomi wajen 39,000, wanda ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Na R. C. Abraham ya biyo a 1949. Aka sake sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki a 1979. A shekarar 2006 kuma Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda yake bayyana Hausa da Hausa, ba domin baƙo ba, domin 'yan gida. Kowane ɗaya ya gyara na gabansa, kowane ɗaya kuma a kan kafaɗar na gabansa ya tsaya.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, da yawa cikinmu da muke sujada da Hausa muna da harsunan iyayenmu, a Filato da Kudancin Kaduna da Bauci da Gwambe da Adamawa da Taraba da Barno da sauransu. Waɗansu cikin harsunan nan sun sami Littafi Mai Tsarki, waɗansu Sabon Alkawari, waɗansu kuwa ko jerin kalmomi ba su da shi. Mu kan yi marmarin ganin an ƙaddamar da fassara da biki da waƙoƙi, wannan kuwa daidai ne. Amma rayuwar Schön ta nuna mana cewa akwai ƙananan littattafai da suke gaba da babban. Sai an tattara kalmomi, an daidaita rubutu, an gano ƙa'idoji, an kuma koya wa mutane karatu. In aka tsallake waɗannan, fassarar za ta fito, a yi biki, sa'an nan ta kwanta a kwali gara ta ci.

Wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba. Schön baƙo ne, a ƙasa mai nisa, da saurayi guda ɗaya a gabansa. Mu kuwa harshen a bakinmu yake, tsofaffin da suka san shi suna zaune a majami'unmu kowace Lahadi. Malamin makaranta da ya yi ritaya zai iya sayen littafin rubutu ya zauna da su, ya rubuta sunayen itatuwa da kayan gona da karin magana kafin su tafi da su kabari. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa za su iya farfaɗo da ajin koyon karatu, su tabbata an ba kowane ɗalibi littafin da ya yi daidai da matakinsa. Dattawan Ekklisiya kuma, in ana kasafin kuɗi, su tuna fasto da mai bishara suna bukatar ƙamus da fihirisa kamar yadda majami'a take bukatar kwano da benci.

In kuwa muka yi aikin, mu rubuta sunayen waɗanda suka ba mu kalmomin. Sunan Schön ne a bangon littattafai, amma muryar da ke ciki ta Dorugu ce da ta 'yantattun bayin Saliyo waɗanda ba a rubuta sunayen yawancinsu ba. Ranar Lahadi mai zuwa, in aka buɗe Littafi Mai Tsarki aka karanta mana da Hausa muka gane, mu tuna da su duka, mu gode wa Ubangiji. Allah ya ba mu irin haƙurinsu da naciyarsu. Amin.